KAFIN A KWASHI IYALI ZUWA ƘASAR ƘANƘARA

 

Mutumin Baure ba baƙon tafiya ba ne. Tun kaka da kakanni, da zarar an girbe gero an zuba a rumbu, sai magidanta da samari su kama hanyar ci-rani, wasu Kano, wasu Ikko, wasu su tsallaka Magarya su nufi Damagaram, har Agadas da Libiya. Amma waccan tafiya ta namiji ce shi kaɗai, iyali suna gida wurin iyaye, kuma da faɗuwar ruwan shuka ya dawo ya ɗauki fartanya. Abin da ya shigo mana a 'yan shekarun nan daban yake. 'Ya'yan wannan ƙasa ta Daura da suka yi ilmin zamani, likitoci da ma'aikatan jinya da masu neman digiri na biyu da na uku, suna samun hanyar Birtaniya ko Kanada, kuma suna son tafiya da mata da yara. A shekarar 2022 kaɗai, Birtaniya ta ba iyalan ɗaliban Nijeriya biza fiye da 60,000, kafin ta taƙaita wannan hanya a watan Janairun 2024. Masu neman fatawa daga cikinsu tambayarsu ba ta wuce kuɗin ruwa na banki, da naman yanka, da tarbiyyar yara. Da wuya ka ji wanda ya tambayi sanyi. Mu kuwa muna ganin sanyin nan da gajartar rana suna taɓa addinin gida tun kafin waɗancan su taɓa shi.

Mu fara da abin da muka sani. Hunturunmu, komai tsananinsa, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma da hantsi ya dubi ludayi an fito an sha rana. Duk da haka kowane liman ya san yadda sahun Asuba ke raguwa a watan Disamba da Janairu. To, a birnin Winnipeg na Kanada, inda 'yan Nijeriya suke da yawa, matsakaicin sanyin watan Janairu yana wajen digiri 16 ƙasa da sifili, wasu ranaku har ya kai 30, kuma ƙanƙara kan rufe ƙasa tun daga Nuwamba har Maris. Wanda jaurar Baure ta hana shi fita masallacin ƙofar gidansa, ya tambayi kansa gaskiya yadda zai yi da masallacin da sai an shiga mota.

Babbar matsala ma ita ce ta lokaci. Mu a nan, tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, shi ya sa yaro ke tasowa ya san Azahar da La'asar da inuwar katanga. A Aberdeen ta ƙasar Sikotland, inda ɗaliban fannin man fetur daga Nijeriya suka daɗe suna zuwa, rana kan faɗi wajen ƙarfe 3:30 a ƙarshen Disamba. Ke nan Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗawa cikin lokacin aiki da makaranta, kuma yaron da bai sami wurin salla a makaranta ba zai dawo gida da bashin salloli uku, yau da gobe har ya saba. A watan Yuni kuma abin ya juya, yini ya kusa sa'a 18, shafaƙi ya ƙi ɓacewa har alfijir ya riske shi, alamar shigar Isha'i ta ɓace makonni da dama. Azumin shekarar 2015, wanda ya kama ranar 18 ga Yuni, sun yi shi sa'a 19 ko fiye, alhali namu bai cika wuce 14 ba. Kada wanda ya je yanzu ya ruɗu da gajeren azumin da ya tarar, domin Ramadan na zagaye shekara cikin kimanin shekara 33. Wajen 2048 zai koma tsakiyar Yuni, daidai lokacin da jaririn da aka tafi da shi a goye ya zama saurayi mai aiki.

Shari'a ba ta bar wannan mas'ala a buɗe ba. A shekarar 1398 Hijiriyya, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke cewa duk ƙasar da dare da rana suke rarrabuwa cikin sa'a 24, wajibi ne a yi salla da azumi bisa fitowar alfijir da faɗuwar rana, komai tsawon yinin, wanda ya kasa ya sha ya rama. Inda kuwa rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, kamar garin Tromso na Norway, sai a ƙaddara lokaci da ƙasa mafi kusa. Hujjarsu hadisin Nawwas ɗan Sam'an (R.A.) ne da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci a ƙaddara lokutan salla a doguwar ranar Dujal. Haka kuma Majalisar Fatawa ta Turai ta yi sauƙin haɗa Magariba da Isha'i a lokacin da shafaƙi ya yi jinkiri ƙwarai ko ya ƙi ɓacewa. Ga shafa a kan huffi, kwana ɗaya ga mazauni, uku ga matafiyi. Ga taimamar Amru ɗan Asi (R.A.) a yaƙin Zatus Salasil, daren da ya ji tsoron wanka zai halaka shi saboda ɗari, Annabi (S.A.W.) bai yi masa inkari ba. Rangwame yana nan, sai dai ba ya amfanar wanda bai koye shi ba, kuma mafi yawan matanmu sun karanta babin huffi a Islamiyya ne ba tare da sun taɓa ganin huffin da ido ba.

Saboda haka ba mu ce zama a ƙasar sanyi haramun ne don sanyinta ba. A shekarar 922 Miladiyya, Ahmad ɗan Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga, bayan ya ci hunturu a hanya har gemunsa ya daskare da ya fito daga wanka. Jikokin waɗannan mutane suna nan a yankin Kazan ta Rasha suna salla bayan shekara fiye da dubu. Masallacin Al-Rashid na Edmonton, na farko a Kanada, tun 1938 aka buɗe shi. Abin da muke cewa shi ne, iyali amana ne, kuma nauyin sanyin nan ba a kan maigida yake fi sauka ba.

A kan uwargida yake sauka. Gidan Bahaushe an gina shi ne don zafi, da tsakar gida, da zaure, da inuwar darbejiya, da maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga. Matar da ba ta fita a Baure tana cikin jama'a tun safe har dare, ga surukai, ga masu talla, ga barka da suna. Ɗauke ta a sa a bene mai ɗaki biyu, tagogi a rufe wata biyar, duhu tun La'asar, miji ya fita aikin sa'a 12, yara uku ba filin wasa, wannan wani irin kulle ne da iyayenmu ba su san shi ba. In ta haihu, babu tsohuwar da za ta dafa mata ruwan jego. Likitoci sun san ƙuncin rai da ke zuwa da gajartar rana, suna kuma ba shi magani. Mu kada mu gaggauta cewa iska ce ko rashin tawakkali.

Akwai kuma lafiyar jiki. Daga Oktoba zuwa Maris, ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da sinadarin bitamin D, wanda ƙarancinsa ke lausasa ƙashin yara har ƙafafu su lanƙwashe. Hukumomin lafiyarsu suna shawartar mai baƙar fata da mai rufe jikinta su riƙa shan maikirogiram 10 kullum, shekara duka. Maganin ƙwaya ce mai araha, don haka kada wani ya kawo wannan a matsayin hujjar cire hijabi. Gidan da ke da mai ciwon sikila kuma ya san sanyi yana tayar da ciwon, ko da yake asibitocin can sun fi namu kayan aiki, sai a auna duka biyun tare da likita.

Shawararmu ga ɗan'uwan da ƙofa ta buɗe masa ita ce ya fara zuwa shi kaɗai, ya ci hunturu guda, ya san kuɗin ɗumama ɗaki, ya san nisan masallaci da maƙabartar Musulmi, ya ga ko akwai matan da iyalinsa za ta yi hulɗa da su. Mun san wannan ma da nasa haɗarin, domin an ruwaito Sayyidina Umar (R.A.) ya iyakance wa mayaƙa kada su wuce wata shida ba su koma ga matansu ba, don haka kada gwajin hunturu ɗaya ya zama shekara uku ana magana ta waya. Iyayen mata su ma suna da haƙƙin tambaya, kada kwarjinin biza ya rufe musu baki. Kafin a sayi tikiti, ya nemi jadawalin salla na watan Disamba da na watan Yuni daga masallacin garin da za shi, ya ajiye su gaban matarsa, ya fassara mata sa'o'in da ke ciki, sannan su yi istihara kowa da tasa.