RA'AYINMU: A Fara Jan Wayar Daga Bagega

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu da ofisoshi, wani sabon salon taro ya shigo ƙasar nan ya zauna daram. Watau a tara wasu mutane a zaure guda, wasu kuma su halarta daga nesa ta intanet, ana ganinsu a jikin allo, ana jin muryarsu ta lasifika. Mu dai muna kiransa taron kusa da nesa. Ba mu da ja da shi, gama ya rage wahalar tafiya da kuɗin masauki, ya kuma ba ɗalibi damar sauraron shehin malamin da ke Landan ba tare da neman biza ba. Amma muna so 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata su tsaya su duba domin wa ake shirya shi, tun da yake su ne ake ɗora wa jan waya da saita na'urori.

Bari mu ɗauki Bagega, ta Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har aka rasa yara aƙalla 400. Dalili kuwa shi ne dutsen zinarin da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa na bin ƙasar da yara ke rarrafe a kai. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega tana jira. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja a kan lamarin, masana suka taso daga ƙasashen waje, amma ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai, waɗanda ofisoshinsu ke cikin garin, ba su leƙo ba. Sai a Janairun 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan da matasa suka matsa mata lamba a Twitter. An sake wani taron a 2018, shi ma a Abuja. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, sa'an nan a Disambar 2024 aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa Zamfara tun 2019.

To, tun da haƙa ta halatta, babu shakka za a ci gaba da taruwa a kan Bagega, kuma a wannan karo masu shiri za su ce ai an aika wa mutanen garin adireshin shiga Zoom. A nan ne gizo ke saƙar. Aika adireshi ba gayyata ba ce. Idan an kashe miliyoyi a kan allon otal da fitilu da kyamara uku, alhali kuwa ɗaya ɓangaren ba shi da komai sai wayar hannu guda a tsakiyar mutum talatin, to an yi taron Abuja ne kawai, an sa Bagega ta leƙa ta taga.

Ra'ayinmu shi ne a fara shiri daga ɓangaren da ya fi rauni, a kuma fifita murya a kan hoto. Mutum zai iya haƙuri da hoto mai duhu, amma da zarar magana ta fara yankewa, an sallame shi. Hoto ne ke cinye data, saboda haka in sabis ya yi rauni a kashe kyamara a bar murya. A sa makirufo mai kyau wanda za a riƙa miƙa wa mai magana, da lasifika guda, a kuma toshe muryar duk wata wayar da ke ɗakin, in ba haka ba sai amsa-kuwwa da ƙara su hana kowa ji. Wuta kuma a dogara da farantin sola da batir. In janareta ne, a kai shi nesa, don makirufo ba ya bambanta rurinsa da muryar dattijo. A gwada komai kwana guda kafin taro, a daidai lokacin da za a yi shi. Kada kuma a manta a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni ana haka. Mai hankali zai ɗauki muryoyin jama'a tun kafin ranar, ya riƙe su a hannu, don ko layi ya tsinke a saurare su a zaure.

Sai maganar harshe. Zoom yana da hanyar da tafinta zai yi magana a layi dabam, mai sauraro ya zaɓi harshen da yake so. Ba mu ga dalilin da zai sa a ɗauko mai ɗaukar hoto a bar tafinta ba. Kuma fassarar ta tafi ta dawo: yadda mahaƙi zai ji bayanin likita, haka babban sakatare zai ji na mahaƙi, cikakke, ba a dunƙule masa shi cikin jimla biyu ba. Akwai kuma ɗan jinkirin da ke tsakanin furta magana da isarta. Daƙiƙa guda ce ko ƙasa da haka, amma ta isa na cikin zaure ya riga na nesa buɗe baki kullum. Maganinsa shi ne shugaban taro ya fara ba na nesa dama, a kuma ware mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai lura da su.

Iyayenmu sun san majigi, motar da hukuma ke turowa ƙauye da janareta da farin ƙyalle da mai bayani. Duk da cewa magana ce ta gefe guda, aƙalla ita majigi takan tako har dandalin gari. Abin kunya ne a ce na'urar da ta fi ta ta kasa yin haka.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan cuta su ne iyaye mata, domin a tsakar gidansu aka yi dakan, a bayansu kuma aka goya yaran zuwa asibiti. Da yawansu ba za su yi magana a gaban maza ba, balle a gaban kyamara. A ware musu ɗaki nasu, da mace mai riƙe makirufo, a kuma zaɓi lokacin da bai ci karo da salla ko girki ko ranar kasuwa ba. Haka nan a yankin da 'yan bindiga ke da kunnuwa, bai kamata a baza wuri da lokacin taro a Facebook ba, kuma duk wanda ya ce kada a nuna fuskarsa ko a faɗi sunansa, a bi umurninsa ba tare da gardama ba. Bayan an tashi, a karanta abin da aka zartar da Hausa, a ɗauka a katin waya, a aika wa hakimi da limamai da ma'aikatan asibitin garin, tare da sunan ofishin da aka ɗora wa kowane alkawari da ranar cika shi.