Karen bana ke maganin zomon bana, to ina karen bara?

A watan Disambar 2024 gwamnatin Niyu Zilan ta sanar da cewa za ta haramta tseren karnuka a ƙasar, ta ba masu harkar wa'adi zuwa tsakiyar 2026. Kafin nan, a 2018, masu zaɓe a jihar Filorida ta Amurka sun yi haka da ƙuri'u kusan kashi 69 cikin 100. Na san abin da mai karatu a Magarya ko Dungas zai ce: mu da ke fama da tsadar tiyar hatsi, ina ruwanmu da karen Bature? Ni ma haka na ɗauka, har sai da na duba dalilin hanin, na ga ashe na san shi tun daga gida.

Ba gudun ne laifin ba. Irin karen da ake kira greyhound yana iya kaiwa kilomita 70 a awa, kuma duk wanda ya taɓa sakin karen farauta a fili ya san gudu ba azaba ba ne gare shi, daɗinsa yake ji. Matsalar tana wajen kiwo. Kafin a samu zakara ɗaya sai an haifi karnuka da yawa, sauran kuma ba su da amfani ga mai neman kuɗi. A jihar Niyu Sawut Wels ta Ostareliya, binciken da tsohon alƙali Michael McHugh ya jagoranta a 2016 ya gano cewa cikin shekara 12 an kashe karnuka sama da 48,000, mai yiwuwa har 68,000, don kawai ba su da saurin da zai ci gasa. A Sifaniya kuma, ƙungiyoyin kare dabbobi sun daɗe suna kukan yadda ake yasar da karnukan farauta da zarar lokacin farauta ya ƙare a watan Fabrairu.

Mu ba mu da filin tseren kare, gaskiya ne. Amma muna da farauta, kuma farautar rani a kudancin Damagaram ba ta yanzu ba ce. Da an kawar da amfanin gona, samari su fita da ganga da ƙaho da gora, karnuka a gaba, ana neman zomo da zabon daji da kurege. Abin da ya canza shi ne dajin ya ragu, gonaki sun cinye shi, naman ma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage shi ne suna: karen wane ne ya fara cim ma zomo, a ɗauka a waya, a watsa a TikTok da WhatsApp. Wani lokaci har a sa kuɗi a kai. Wannan kuwa tsere ne, ko da ba mu kira shi da sunan ba.

A ranin da ya wuce na kwana biyu a wani ƙauye da ke kan hanyar Dungas zuwa Dogo-Dogo. Karyar wani saurayi ta haifi 'ya'ya bakwai. Da suka yi ƙwari ya gwada su, ya zaɓi biyu masu dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji, sauran biyar ya kai su bayan gari ya baro su kusa da juji. Da na tambaye shi, dariya ya yi, ya ce da me zai ciyar da su? Tambayar tasa tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai lokacin yin ta shi ne ranar da ya ɗauki karyar ya yi tafiyar rabin yini da ita don a haɗa ta da wani kare da ya yi suna.

Za a ce mini ai kare ne, kuma mu Musulmi ba mu ɗauke shi abin sawa a ɗaki ba. To, addinin da ya sa muke kaffa-kaffa da shi, shi ne ya halatta ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma yaron da ya yi makarantar allo ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Cacar da ake ɗorawa a kan gudunsa kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Tsofaffin mafarauta, irin su sarkin dawa na da, kare biyu ko uku suke riƙewa, su san halin kowanne, idan ya tsufa ya koma gadin gida yana cin ragowar tuwo har ya mutu. Buzayen Azawak ma haka suke riƙon nasu dogon karen, wanda yau Turawa ke kiwonsa suna alfahari da shi.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya yi tunanin 'ya'yansa. Karen da aka yasar ba ɓacewa yake yi ba. Yana komawa bakin mahauta da kwata, babu mai shi, babu allurar rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Yara ne suka fi shiga haɗarin. Idan alamun cutar suka bayyana, magani ya ƙare. Ka tambayi iyayen da suka taɓa neman allurar bayan cizo daga wani ƙauyen Gushi ko Malawa irin wahalar da suka sha.

Ban ce a hana farauta ba. Nijar tana da dokar farauta tun 1998, ma'aikatan gandun daji sun san ta, ko da yake ta fi damuwa da abin da ake farauta a kan abin da ake farauta da shi. Abin da nake nema ƙarami ne. Shugabannin mafarauta na Magarya da Dungas suna da ikon da magajin gari ba shi da shi: su ce karen da ba a yi wa allura ba, ba zai bi ayari ba, wanda aka kama ya yar da 'yan kwikwiyo kuma a dakatar da shi. Likitocin dabbobi su riƙa zuwa inda ake taruwa kafin fita daji, maimakon jiran a kawo musu kare ofis. Ku kuma 'yan uwa da ke Libiya da Aljeriya da Legas, idan ƙane ya bugo waya yana neman 'yan jikkuna zai sayi karen farauta, ku tambaye shi ina wanda aka saya masa bara.

Ni na ga na baran a ƙauyen da na faɗa. Wani jan kare ne da aka ce shekara biyu babu mai shan gabansa, har daga tsallaken iyaka ake zuwa neman irinsa. Ya karye a ƙafar baya cikin wani rami, ba a ɗora shi ba. Yana kwance ƙarƙashin teburin mai tsire, da aka buga gangar fita farauta ya ɗaga kai, ya yunƙura da ƙafa uku ya bi su har bakin gari, yara suka kore shi da jifa.