Sifikar falo ba ta ƙonewa haka kawai: inda ya kamata hannu ya tsaya wajen ƙara murya

Idan sifika ta lalace a gida, abin da aka fi saurin faɗa shi ne an sayi jabu, ko kuma wutar lantarki ce ta kawo da ƙarfi. Wani lokaci hakan ne. Amma a gidajen da ke da na'urar sauti irin ta silima, wato risiba guda da sifika biyar ko bakwai da kuma babbar ufa, laifin ya fi komawa kan hannun da ke riƙe da rimot. Kuma da yake kayan duk daga waje ake shigo da su, ƙonewar sifika ɗaya a yau ba ƙaramar asara ba ce.

Tambayar da masu irin wannan na'ura ke yi ita ce: wace lamba ce iyaka? Amsar ita ce babu lamba ɗaya da ta dace da kowane gida, kuma duk mai shagon da ya ce "kada dai ka wuce 60" ba tare da ya san sifikar da ɗakin ba, kintace kawai yake yi.

A risiba irin su Denon da Yamaha da Marantz, lambar da ke kan allo takan fara ne daga wajen -80 ta hau zuwa 0, har ta ɗan wuce. Ma'aunin desibel ne. Idan an saita na'urar yadda ya kamata, 0 na nufin ƙarfin sautin gidan silima, inda fashewar bom a fim kan iya kai desibel 105 daga sifika guda. Falo mai kujeru da talabijin bai buƙatar wannan. Yawancin mutane kan ji fim sarai tsakanin -30 da -15.

Abin da ba a cika ganewa ba shi ne yadda lambobin ke cin wuta. Ƙarin desibel 3 kacal na buƙatar ninkin ƙarfin da amfilifaya ke fitarwa. Ƙarin desibel 10 na buƙatar ninki goma, alhali kunne zai ji kamar sautin ya ninka sau biyu ne kawai. Ke nan na'urar da ke fitar da wat 1 a kan -20, sai ta fitar da wat 10 a kan -10, sannan wat 100 a kan 0. Mai rimot yana ganin ya ɗan ƙara ne, amma a cikin akwatin aikin ya ninka sau ɗari.

A nan ne ɓarnar ke farawa. Kowace amfilifaya na da iyakar abin da za ta iya bayarwa. Idan aka tilasta mata ta wuce, sai ta riƙa datse kawunan igiyar sautin, ta aika wa sifika gurɓataccen sauti mai kaifi. Ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tuwita, ita ce ta fi shan wahala, domin wayar da aka naɗa a koyil ɗinta siririya ce ƙwarai. Zafi ya taru, gam ya narke, waya ta tsinke. Shi ya sa ake iya ƙona sifikar da aka rubuta mata wat 100 da amfilifayar da ƙarfinta bai kai haka ba. Masu tunanin cewa ƙaramar risiba ba za ta iya cutar da babbar sifika ba sun yi kuskure. Babbar amfilifaya ma tana kashe sifika, sai dai ta wata hanya: ta cika ta da wuta, ko ta sa faifan ya yi ta tafiya gaba da baya fiye da yadda aka ƙera shi, har ya yage.

Rubutun da ke jikin kwali ma ya taimaka wajen ruɗa jama'a. A kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, za a ga ƙaramar na'ura an rubuta mata dubban wat, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lamba ta talla ce, ba ta da tsayayyen ma'auni. Wadda ke da amfani ita ce ta RMS, kuma takan yi ƙasa da waccan nesa ba kusa ba. Hatta a manyan kamfanoni, "wat 100 kowace sifika" galibi an auna shi ne da sifika ɗaya ko biyu suna aiki. Da an kunna biyar ko bakwai a lokaci guda, kason kowace zai ragu.

Sai kuma bambancin abin da ake kunnawa. Fim na da wurare masu sanyin sauti da masu ƙarfi, shi ya sa ake ƙara masa murya don a ji magana. Waƙoƙin zamani kuwa an naɗe su da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Lambar da ta yi daidai da fim a daren jiya, ita ce za ta iya gasa tuwita idan yaro ya haɗa waya ta Bluetooth ya saki waƙa da safe. Ranar suna ko ta biki abin ya fi muni, lokacin da ake fito da sifikar falo tsakar gida, a murɗa kiɗa har ƙarshe na tsawon sa'o'i. A fili babu bangon da zai dawo da sauti, don haka sai a yi ta ƙarawa. Hayar kayan sautin taro ta fi arha a kan sayen sabuwar sifika.

Tunda lamba ba ta isa abin dogaro ba, kunne ne alƙali. Muddin sauti na fita tas, sifika na cikin aminci. Da zarar murya ta fara kaushi, ko kiɗa ya cakuɗe, ko aka ji ufa tana bugawa ƙwas-ƙwas, to an riga an wuce iyaka, sai a rage nan take da aƙalla desibel 3 zuwa 6. Ƙauri kuwa alama ce ta cewa koyil ya soma ƙonewa. Risiba da ke kashe kanta a tsakiyar kallo ita ma ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi daga zafi, musamman idan an haɗa mata sifika mai om 4 alhali an ƙera ta ne don mai 6 ko 8, ko an cusa ta cikin kabad babu iska a zafin watan Afrilu, ko ƙurar hunturu ta toshe mata ramuka.

Akwai gyare-gyare biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, a shiga saitin risiba a nuna mata cewa sifikun ƙanana ne, a sa mararrabar sauti a kan Hz 80, yadda nauyin ƙasa zai koma kan ufa wadda aka ƙera don shi. A kuma daina murɗa maɓallin bas har ƙarshe, domin shi ma wuta yake ci kamar ƙarin murya. Na biyu, yawancin risiba na da wurin ƙayyade iyakar murya. A gidan da yara ke taɓa rimot, sa wannan iyaka a kan -10 ko -20 ya fi duk wani faɗa amfani.

Sifika dai ana sake mata koyil ko a sayi wata. Kunne ba haka yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da haɗari ba, kuma lokacin na raguwa da sauri idan ƙarar ta ƙaru: a desibel 100, mintuna kaɗan ne a rana. Ga yara ma'aunin ya fi haka ƙasa, desibel 75 ne, kuma su ne suka fi zama a ƙasa, dab da sifikar gaba.