Wankin Allon Lantarki Bayan Liƙi: Darasin Da Ake Tsallakewa

Kalmar sinadari, wadda ɗalibai ke ji a kowane darasi na kimiyya, ba a ɗakin gwaji aka fara amfani da ita ba. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun nuna cewa suna ne na abin da maƙera ke liƙe ƙarfe da shi. Ashe ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ƙarfe ba ya kama ɗan'uwansa sai da mataimaki. Wannan sani shi ne har yanzu yake ciyar da ɗimbin matasa masu gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu a kasuwanni irin su Sabon Gari da Farm Centre a Kano. Sai dai akwai wani ɓangare na aikin da ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato wanke dattin da liƙi ke bari a kan allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel. Akan koya wa yaro yadda zai riƙe ƙarfen liƙi, amma in an zo wanki sai a bar shi da duk abin da ya tarar a kwalba. Wannan sakaci ne, kuma malaman kimiyya da na koyon sana'a su ne suka fi cancanta su gyara shi.

Kafin a yi maganar wanki, ya kamata a san mene ne dattin. Hanyoyin da lantarki ke bi a kan allo na jan ƙarfe ne, kuma da zarar iska ta taɓa jan ƙarfe sai wata siririyar tsatsa ta rufe shi, wadda ido ba ya gani sosai. Zafi yana ƙara mata sauri. Dalmar liƙi kuwa, wadda haɗi ce ta kuza da dalma, ba ta kama wurin da ke da tsatsa. Sai ta dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza. Don haka ake sa man liƙi, wanda aikinsa shi ne ya cinye tsatsar, ya kuma tare iska har dalmar ta malale ta kama. Haɗin da ke da kashi 63 cikin ɗari na kuza da kashi 37 na dalma yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyos. Wanda ba shi da dalma, da ya yaɗu bayan dokar Tarayyar Turai ta 2006, sai ya kai wajen digiri 217, kuma wannan ƙarin zafi yakan sa ragowar man ta ƙara ƙonewa da taurin kai.

Mafi shaharar man liƙi ana samo shi ne daga ƙaron itacen fain. Yana nan cikin tsakiyar wayar dalmar da ake saya a kasuwa, shi ne kuma ke tayar da hayaƙin nan mai ƙamshi. Shi ƙaron kansa, in ya huce, ba shi da wata illa mai yawa ga allo. Matsalar tana ga abubuwan da masana'antu ke ƙara masa don ya yi kaifi, wato wasu ruwan asid da gishirin kulorin ko na buromin. Waɗannan suna janyo danshi daga iska. In danshi ya haɗu da gishiri a tsakanin hanyoyi biyu masu ɗauke da lantarki, sai ƙarfen hanya ɗaya ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana tafiya zuwa ɗayar, yana tsiro kamar saiwar ciyawa, har ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A tsohuwar rediyo, inda tazarar da ke tsakanin hanyoyi take da faɗi, wannan na iya ɗaukar shekaru. A wayar hannu tazarar ba ta kai rabin milimita ba. Ƙurar hunturu ta manne a kan mai, zufar aljihu ta shiga, damina ta kawo laima, sai wayar da aka gyara lafiya lau ta dawo bayan 'yan makonni tana zuƙe batir, mai ita yana zargin mai gyara da ha'inci, shi kuwa mai gyara yana rantsuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

To, da me za a wanke? A nan ne ilmin sinadarai na aji huɗu yake shigowa. Ƙa'idar ita ce kowane abu yana narkewa cikin ruwan da ya yi kama da shi. Gishiri na narkewa a ruwa, ba ya narkewa a kananzir. Maiƙo na narkewa a kananzir, ba ya narkewa a ruwa. Ɗalibin da ya san ƙaron dakwara, wanda ake jiƙawa a ruwa don haɗa tawada, zai zaci ƙaron fain ma haka yake, alhali kuwa ruwa ba ya taɓa shi. Dattin liƙi kashi biyu ne a cakuɗe: ƙaro mai halin maiƙo, da gishiri mai son ruwa. Ruwan narkarwar da ya ɗauke ƙaron ya bar gishirin ya yi aikin banza, domin ya kwashe marar laifi ya bar mai laifi a fili, ba ma tare da rufin da ƙaron ya yi masa ba.

Masana'antun duniya sun taɓa zaton sun sami maganin wannan matsala gaba ɗaya. Wani ruwa ne mai suna CFC-113, ɗaya daga cikin dangin sinadaran da kamfanin DuPont ya sayar da sunan Freon. Ba ya kama wuta, ba shi da dafi mai tsanani, ba ya cin roba, yana tafasa a wajen digiri 48, saboda haka yana bushewa nan take. In aka gauraya shi da ɗan alkohol sai ya wanke ƙaro da gishiri a lokaci guda. A shekarun 1970 da 1980 manyan masana'antun lantarki na Amurka da Japan da Turai sun dogara da shi ƙwarai. Duk tambayar da injiniya ya saba yi game da ruwan wanki, wannan ruwa ya amsa ta. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: in ya bushe, ina yake zuwa?

A 1974 masana biyu a Jami'ar Kalifoniya, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka ba da amsa. Wannan rashin saurin lalacewa da ake yabon sinadaran CFC da shi, shi ne aibinsu. Ruwan sama ba ya wanke su, ba abin da ke ruguza su a nan ƙasa, sai su yi ta hawa har su kai sararin da lulluɓin ozon yake, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa. A can hasken rana mai ƙarfi yakan fasa su, ƙwayar kulorin ta kuɓuce, kuma ƙwaya ɗaya tana iya ruguza dubban ƙwayoyin ozon kafin ta lafa. Ozon kuwa shi ne ke tace hasken ultrabayolet, wanda ke jawo sankarar fata da yanar ido. A 1985 Joseph Farman da abokan aikinsa na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya suka bayyana cewa ozon na samaniyar wannan yanki ya ragu ƙwarai. Ranar 16 ga Satumba, 1987, aka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal, wadda Nijeriya ta shiga a 1988. Ƙasashe masu arzikin masana'antu suka daina sarrafa CFC a farkon 1996, masu tasowa kuma aka ba su zuwa 2010. Molina da Rowland, tare da Paul Crutzen, sun sami kyautar Nobel a 1995. Amma CFC-113 yana yin kusan shekara 90 a sama. Wato wanda aka wanke allon wata rediyo da shi a 1980 yana can har yanzu, kuma rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa samaniyar Antatika ba za ta koma yadda take a 1980 ba sai wajen 2066.

Abin lura shi ne yadda aka fita daga matsalar. Kamfanin AT&T na Amurka ya gwada wani ruwa da ake tatsowa daga ɓawon lemo. Waɗansu suka koma ga man liƙi mai narkewa a ruwa, suna wanke allo da tataccen ruwa marar gishiri. Kamfanin Northern Telecom na Kanada ya yi alkawari a 1988 zai rabu da CFC-113, ya kuma cika a 1991. Mafi yawan masana'antu daga baya sun gano cewa hanya mafi sauƙi ita ce a sake man liƙin kansa, a yi wanda ragowarsa kaɗan ce kuma ba ta da illa, yadda ba sai an wanke ba. Waɗanda suka nace wa neman ruwa mai ƙarfi kuwa, wasunsu sun sake faɗawa rami. Wani sinadari mai buromin da aka kawo a madadin CFC ya lalata jijiyoyin ma'aikatan da suka daɗe suna shaƙarsa, shi kuma tirikuloro-etilin, wanda aka daɗe ana wanke ƙarafa da shi, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke haddasa sankara a 2012.

Wani zai ce wannan labarin manyan masana'antu ne, ina ruwan mai ɗan teburi a bakin kasuwa? Kuskuren iri ɗaya ne, girmansa ne kawai ya bambanta. Mai gyaran da ya tsoma buroshi cikin fetur ko tinar fenti ya auna ruwan ne da ma'auni ɗaya tak, wato ko dattin ya fita. Fetur yana ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma tururinsa yana kama wuta ko da a cikin tsananin sanyi, balle a rumfa mai kwanon rufi inda ake hura iska mai zafi a kan allo. Ga shi kuma maiƙo ne tsantsa, ba ya ɗauke gishirin da ake gudu, sai ma ya bar nasa maiƙon. Tina da asiton, wato ruwan goge jan farce, suna cin roba iri-iri, suna dusashe gilashin roba, suna goge rubutun da ke jikin kayan. Hujjar mai gyara ba ta banza ba ce: fetur yana kusa, ana samunsa a kowace kwana, ribar gyara kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Amma abin da wanki ɗaya ke ci bai wuce 'yan ɗigo ba, kuma wayar mutum ɗaya da aka lalata, ko gobara ɗaya a layin rumfuna, ta fi kuɗin kwalabe masu yawa na ruwan da ya dace.

Ruwan da ya dace da aikin hannu shi ne alkohol na aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari ko kusa da haka. Yana narkar da ƙaro, yana ɗaukar wani abu na gishirin, ba ya cutar da mafi yawan robobi. Na kantin magani mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, yakan daɗe bai bushe ba, ya kuma bar farin tabo. Sifirit ɗin da aka fi samu a kasuwa yana yin aikin in babu wani, sai dai akan gauraya shi da metanol, wanda dafi ne mai makantarwa, wani lokaci kuma da launi mai barin saura. Kada kuma a ɗauka aisofurofil ba shi da nasa haɗarin: tururinsa yana kama wuta tun daga digiri 12, ke nan a kowace rana ta shekara a ƙasar Hausa. Sai an cire batir, an nisanta ƙarfen liƙi, an buɗe wa iska hanya. Iskar tana da wani amfanin ma, domin hayaƙin ƙaron fain sananne ne wajen jawo asma ga masu daɗewa a kansa.

Akwai kuma kuskuren da ko masu ruwa mai kyau suke yi. Narkarwa daban, cirewa daban. In aka zuba alkohol aka goga buroshi aka bar shi ya bushe, dattin bai je ko'ina ba. An dai shimfiɗa shi a duk faɗin allon, har ƙarƙashin ƙananan kayan da buroshi ba ya kaiwa. Dole a tsane ruwan da ƙyalle marar gashi tun yana jiƙe, a sake zuba sabo, a karkata allon ya tsiyaye, a bar shi ya bushe sarai kafin a ba shi wuta. Man liƙin da aka yi don kada a wanke shi kuwa, ko dai a ƙyale shi yadda yake ko a wanke shi tas, domin rabin wanki yana fasa rufin da ya kulle gishirin a ciki. Shi kuwa man liƙi mai asid na masu gyaran lagireto da famfo, wannan ba ya kusantar allon lantarki ko kaɗan.

Duk wannan ba ya bukatar sabon ɗakin gwaji ko kayan waje. Da yawa daga cikin ɗaliban sakandare za su bi ta rumfar gyara, ko a matsayin masu koyo ko masu kawo gyara, kuma malamin da ke koyar da narkewar abubuwa yana da misali a hannunsa wanda ya fi na littafi kusa da rayuwarsu. Kofuna uku sun isa: ɗaya da ruwa, ɗaya da kananzir, ɗaya da alkohol. A jefa gutsuren ƙaron liƙi a kowanne, sa'an nan a maimaita da ƙaron dakwara da kuma gishiri, ɗalibai su rubuta abin da ya narke da wanda ya ƙi. Daga nan a ɗiga alkohol ɗin da ƙaron ya narke a ciki a kan gilashi mai tsabta, a ajiye shi a bakin taga nesa da wuta. Bayan 'yan mintoci ruwan zai tafi, ya bar zobe mai danƙo a kan gilashin, sai malami ya nemi ɗalibai su bayyana abin da ya rage a gilashin da kuma inda ruwan ya tafi.