Ƙauyen Da Ya Ƙara Kuɗin Tikiti Don Baƙi Su Ragu

Wannan makon za mu yi nisa kaɗan, zuwa tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya. Waɗanda suka taso a Makka ko Jidda ba sai an gabatar musu da mutanen Jawa ba: yadda ake ce wa wasunmu Hausawi, haka ake ce wa jikokin alhazansu Jawi. Mun yi makaranta tare, amma ƙauyukan da kakanninsu suka baro, ba mu cika tambaya ba.

Ƙauyen da nake so mu leƙa sunansa Nglanggeran (ku yi haƙuri da harshenku, ni ma sai da na sha fama). Yana gundumar Gunungkidul, kimanin kilomita 25 daga birnin Jogjakarta. Gunungkidul ta daɗe da yin suna da fari da ƙarancin ruwa, har abincin da aka san ta da shi, tiwul, da busasshen rogo ake yin sa saboda shinkafa ba ta wadata. Matashi in ya tasa, sai ya ɗauki jaka ya nufi Jakarta ko ƙetare neman aiki. Kun san wannan labarin ai.

Abin da ƙauyen yake da shi dutse ne, ragowar wani tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu tun shekaru miliyoyi. A da ana sare itatuwansa ana fasa duwatsunsa ana sayarwa. A 1999 ƙungiyar matasan ƙauyen ta fara dasa itatuwa a jikinsa. Girgizar ƙasar watan Mayu na 2006, wadda ta kashe mutum sama da 5,700 a yankin Jogjakarta, ta rushe musu gidaje da yawa, kuma bayanta ne suka tsara harkar karɓar baƙi sosai. A 2013 Sarkin Jogjakarta, Hamengkubuwono na 10, ya buɗe wani tafki da aka gina a kan tudu don tara ruwan sama a shayar da gonakin 'ya'yan itace. Tafkin ya yi kyau a hoto, sai jama'a suka yi ca. A 2014 baƙi sun haura 300,000.

To, nan ne abin ya burge ni. Baƙin sun zo da shara da rubuce-rubuce a jikin duwatsu, galibinsu su hau, su ɗauki hoto, su tafi. Sai mutanen ƙauyen suka ƙara kuɗin tikiti da gangan. Baƙi suka ragu, kuɗin shiga kuma ya ƙaru, don sun koma jawo wanda zai kwana: ya sauka a ɗakin da iyali suka ware a gidansu, ya ci abincinsu, ya shiga gonar shinkafa, ya ga yadda mata ke mayar da koko cakulan. A 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙauyen cikin jerin mafiya kyawun ƙauyukan yawon buɗe ido a duniya.

Ni dai lambar yabon ba ita ta dame ni ba. Tambayata ita ce, wa ya ba su ikon cewa "baƙi sun isa haka"? Amsar ita ce ƙasar tana hannunsu. Da wani kamfani ne ya mallaki gindin dutsen ya kafa otal, wallahi ba wanda zai rage baƙo ko ɗaya, kuma 'yan ƙauyen sai dai su samu aikin gadi da wanke zannuwan gado. Suna da zaman shawara da suke yi duk daren Talatar da ta faɗo kan ranar Kliwon. Jawawa suna da mako mai kwana 5 na kasuwanni ban da namu mai kwana 7, don haka ranakun biyu kan haɗu ne duk bayan kwana 35. A irin wannan zaman ake baje lissafi a gaban jama'a.

Ku kwatanta da Borobudur, babban wurin ibadar mabiya Buddha na ƙarni na 9 da ke tsakiyar Jawa. A farkon shekarun 1980 an tashi ɗaruruwan iyalai daga kewayensa don a yi wa masu yawon buɗe ido lambu. Miliyoyin baƙi suka riƙa zuwa, amma da yawa daga waɗanda aka tasa sun koma talla a bakin ƙofa, a kan filin da a da gonarsu ce.

Dokar ƙasa ta Indonesiya ta 1960 ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke da cikakkiyar mallaka. Baƙo sai dai haya ko izinin amfani na wasu shekaru, kuma in aka yi dabara aka mayar masa da mallakar a ɓoye, cinikin ya ɓaci, filin ya koma hannun gwamnati. Amma kada ku ɗauka Bature ne kaɗai barazana. Mai kuɗin Jakarta ɗan ƙasa ne, doka ba ta hana shi ba. A ƙarshen 2023 shahararren ɗan talabijin Raffi Ahmad ya sanar da shirin gina katafaren wurin shaƙatawa a bakin tekun Gunungkidul, sai da aka yi ta kururuwa kan illar da zai yi wa ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin ya janye a 2024. Akwai kuma filayen baitulmalin ƙauye, waɗanda ba a sayarwa, wasu ma dagaci da ma'aikatansa ke nomawa a madadin albashi, ana ce musu bengkok. A 2023 kotu a Jogjakarta ta ɗaure wani mai gina gidaje da wani dagaci saboda an gina gidaje a kan irin wannan fili an karɓi kuɗin mutane. Masu sayen suka tashi ba gida ba kuɗi.

Kuma ko a cikin ƙauye, cin ba ɗaya ba ne. Mai ɗakin da zai ware da banɗaki mai kyau shi ke samun baƙon kwana. Wanda ba shi da fili sai tsaron babura. Yawancin manoman Jawa gonarsu ba ta kai rabin hekta ba, kowane rabon gado kuma sai ta ƙara tsukewa, don haka ranar da dillali ya zo da tayi, ba kowa ne zai iya kau da kai ba. Annobar 2020 ta nuna amfanin riƙewar: baƙi suka ɗauke ƙafa, wanda bai sayar ba ya koma gonarsa da awakinsa.

Ina rubuta wannan ne ina tuna filayen da iyayenmu, da mu ma yanzu, muke saya a gida ta waya. A tura kuɗi, a zagaye da katanga, a bar shi shekara goma ciyawa na ci. A ƙauyen kakanninmu, mai kuɗin Jakartan nan fa mu ne.

A can saman dutsen Nglanggeran akwai wata unguwa, Kampung Pitu. Pitu na nufin bakwai a harshen Jawa, kuma bisa imaninsu magidanta 7 kacal za su zauna a wurin, ba ƙari ba ragi. Yaro in ya yi aure kuma ba gurbi, sai ya sauko ƙasa ya kafa gidansa. Yanzu masu kyamara na hawa su kalli fitowar rana daga can, su sha shayi, su sauko.

Sai mun haɗu a mako na gaba in Allah Ya kai mu. Masu abokai Jawi, ku tambaye su sunan ƙauyensu ku turo mini.