Yadi 22 Kacal Yaran Obi Ke Bukata

Filin kurket na Dandalin Tafawa Balewa da ke Legas yana cikin tsohon filin sukuwar da aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960. Yau nan ake karɓar ƙungiyoyin ƙasashen waje, ga ciyawa shimfiɗe kamar darduma. A Janairun 2025, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a Malesiya. To, yaran garin Obi fa? Ba katafaren fili nake roƙa musu ba. Tsirin da ake jifa da bugu a kansa yadi 22 ne kacal. Daɓen siminti a filin makaranta, da sanduna da ƙwallo, sun isa a fara. Hukumomin jiha a birnin Lafiya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.