Wutar da ake iya kashewa: ina aka kwana game da injin nutoron?

A watan Janairu na shekarar 2023, wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin seziyom, wanda girmansa bai wuce ƙwayar gujiya ba, ya faɗo daga mota a yammacin ƙasar Ostaraliya. Sai da hukumomi suka bi hanya mai tsawon kilometir 1400 suna nema, kafin su tsince shi ranar 1 ga Fabrairu. A shekarar 2012, a jihar Tekzas ta Amurka, ma'aikatan wani kamfanin rijiyoyin man fetur sun yar da sandar amerisiyom, aka yi kusan wata guda ana cigiyarta. Mafi muni shi ne abin da ya faru a garin Goyaniya na ƙasar Barazil a 1987, inda seziyom na wani asibiti da aka ƙaurace wa ya faɗa hannun masu sayar da tsofaffin ƙarafa, mutum 4 suka rasu.

Ƴan'uwa masu karatu, duk waɗannan abubuwa halinsu guda ne. Garwashi ne da ba ya mutuwa: dare da rana suna fitar da haske marar ganuwa mai ratsa jiki, ko ana aiki da su ko an ajiye su. Amerisiyom sai ya shekara 432 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shi ya sa tun 2008 wani kwamitin masana na Amurka ya ba da shawarar a musanya irin waɗannan sinadarai da na'urori a duk inda hali ya yi. Ɗaya daga cikin na'urorin ita ce injin nutoron, wanda da zarar an yanke masa lantarki sai ya daina fitar da nutoron. Tambaya ita ce: me ya sa har yanzu bai kori garwashin ba? Babban ɓangare na amsar yana cikin wani ɗan ɗaki da bai fi ɗan yatsa girma ba.

Yadda injin yake aiki

Nutoron wani ɓangare ne na ƙwayar zarra, wanda masani Jems Cadwik ya gano a Ingila a 1932. Da yake ba ya ɗauke da lantarki, yana ratsa ƙarfe da dutse, kuma abin da ya komo daga cikinsu shi ke bayyana ko akwai ruwa, ko mai, ko ma'adini.

Injin nutoron bututu ne rufaffe mai sassa uku. Na farko shi ne ɗakin da ake kira mahaifar iyon. A nan ake ɗaukar iskar duteriyom, wato idorojen mai nauyi, a fizge wa ƙwayoyinta elektoron, su zama abin da masana ke kira iyon. Dalilin yin haka shi ne, lantarki ba ya iya tura ƙwaya sai ta zama iyon. Na biyu shi ne filin gudu, inda ƙarfin lantarki na kimanin bolt 100.000 ke cilla iyon ɗin gaba. Na uku shi ne faifan ƙarfe da ya sha tiritiyom ko duteriyom. Idan iyon ya buge shi, ƙwayoyi biyu su haɗe, nutoron ya fita. Ƙaramin bututu na fitar da nutoron wajen miliyan 100 cikin daƙiƙa guda.

Iri huɗu na mahaifa, kowace da aibinta

Mafi yaɗuwa ita ce mai sunan Penning, masanin kamfanin Philips na ƙasar Holanda, wanda ya ƙirƙiro dabarar a shekarun 1930. Ana tsare elektoron tsakanin faifai biyu, maganaɗisu yana sa su kai da komo har su yi karo da iskar. Ba ta cin lantarki da yawa, tana jure zafi da jijjiga. Amma yawancin iyon da take haifa tagwaye ne, wato ƙwayoyi biyu manne da juna. Tilo ba su cika wuce kashi 10 bisa 100 ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan tagwaye suka sami turin bolt 100.000, raba shi suke yi, kowane ya tashi da rabi, kuma bugun rabin ƙarfi nutoron kaɗan yake fitarwa.

Ta biyu tana aiki da igiyoyin rediyo. Pita Toneman ya gwada ta a Okusfod a shekarun 1940, daga baya ɗakin bincike na Bakli a Kalifoniya ya kyautata ta. Iyon tilo a cikinta na iya kai kashi 80 zuwa 90 bisa 100. Sai dai tana shan lantarki mai yawa, tana bukatar sanyayawa, kuma kayanta na da girma. Ta uku ƴar'uwarta ce, tana amfani da irin igiyoyin da murhun lantarki mai ɗumama abinci ke amfani da su. Tana daɗewa, amma ta fi dacewa da ɗakin gwaji ko masana'anta. Ta huɗu tana da zaren ƙarfe mai zafi, irin na tsohon ƙwan lantarki. Amfaninta shi ne ana kunna ta a kashe cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sau dubbai a daƙiƙa. Aibinta kuwa, zaren na gajiya.

Ke nan babu wadda ta haɗa ƙanƙanta da ƙarfi da tsawon rai gaba ɗaya. Wanda zai zura na'ura cikin rijiyar mai, inda faɗin sandar awo bai kai santimetir 5 ba kuma zafi ke wuce digiri 150, tilas ya haƙura da wani abu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Abin da ya hana musanya

Injin ya riga ya nuna iyawarsa. Tun shekarun 1960 ake awon rijiyoyin mai da shi, kuma motar bincike Curiosity da ta sauka duniyar Mirrihi a watan Agusta na 2012 ta tafi da wani ƙirar Rasha, wanda ya yi aikin neman alamar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka matsaloli uku sun rage.

Ta farko, bututun na tsufa. Iyon da ya kauce hanya yana cinye ƙarafan ciki, ƙurar ta manne a bango har lantarki ya fara tsallake. Rayuwar bututu daga awoyi ɗaruruwa ce zuwa ƴan dubbai. Tiritiyom ma na raguwa da rabi cikin shekara 12 da ƴan watanni, ko da injin na ajiye. Shi kansa sinadari ne mai fitar da haske, ko da yake haɗarinsa bai kusanci na amerisiyom ba.

Ta biyu, nutoron na injin mai tiritiyom sun ninka na amerisiyom ƙarfi wajen sau uku. Kamfanonin mai sun shekara da shekaru suna tara awo da tsohuwar sanda, ba su son sabon mudun da zai hana su kwatanta na jiya da na yau.

Ta uku ta siyasa ce. Da yake irin wannan fasaha na da alaƙa da makaman nukiliya, ƙasashen da ke ƙera ta sun sa ta cikin kayan da ba a fitarwa sai da izini. Masu ƙerawa kaɗan ne, kamar Sodern a Faransa, da VNIIA a Rasha, da wasu a Amurka da Sin. In bututu ya mutu, wurin mai shi ake komawa.

Ina ruwan Nijar?

Ƙasarmu na haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, tana haƙar mai a Agadam tun 2011, kuma duka ayyukan biyu sun dogara ga awon cikin rami. Tsohon awon uraniyom ba uraniyom ɗin yake ji ba, hasken sinadaran da ya haifa yake ji. A cikin dutsen yashi, ruwan ƙasa na iya kwashe uwar ya bar ɗiyan, sai awo ya nuna arziki inda babu, ko ya ɓoye shi inda yake. Injin nutoron kuwa harbi yake yi cikin dutsen, ya yi shiru, ya saurari nutoron da uraniyom ɗin kansa ya mayar. Ana aiki da wannan dabara a Kazakistan da kudancin Ostaraliya da Tekzas. Amma sauraron ba ya yiwuwa sai mahaifar iyon ta mutu tsaf bayan kowane harbi. In ta ja wutsiya, ƙararta za ta rufe amsar dutsen.

Saboda haka, ma'aikacin gwamnati da aka kawo wa takardar sayen irin wannan na'ura ko ta izinin shigo da ita, kada ya tsaya ga farashi. Ya tambaya: wace irin mahaifa gare ta? Awa nawa bututun zai yi? Tiritiyom nawa ke ciki, kuma wa zai karɓi tsohon bututu? Hukumar ARSN mai sa ido kan tsaron nukiliya, da Cibiyar binciken sinadarai masu haske ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, suna bukatar matasan da za su iya auna waɗannan amsoshi da kansu. Horar da su aiki ne na shekaru, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.